Zuzuta Labari da Amanar Mai Sauraro: Nazari a kan Rahotannin Haɗarin Jiragen Ruwa na Shaƙatawa

Wannan maƙala za ta dubi yadda kafofin watsa labarai na Turai da Amurka suka ba da rahoton haɗurra biyu na jiragen ruwa na shaƙatawa, watau manyan jiragen nan masu kama da gari guda, waɗanda mutane kan biya kuɗi su shiga don hutawa da yawon buɗe ido a kan teku. A ganinmu, ƙarin gishirin da aka yi wa labaran bai kai ga ƙarya ba, domin yawancin abin da aka faɗa ya faru. Ɓarnar tana wajen zaɓen abin da aka haska wa fitila da abin da aka bari cikin duhu.

Mu fara da jirgin Carnival Triumph. Ran 10 ga Fabrairu 2013 gobara ta tashi a ɗakin injinsa yana cikin mashigin tekun Meziko, ɗauke da mutum fiye da 4,000. An kashe wutar, amma lantarki ya ɗauke, makewayi suka daina aiki, ƙazanta ta malala a hanyoyin jirgin. Aka jawo shi sannu a hankali har tashar Mobile ta jihar Alabama ran 14 ga watan. Ba wanda ya rasa ransa. Ba mu raina wahalar fasinjojin ba, kwana huɗu cikin zafi da ɗoyi ba abin wasa ba ne. Sai dai gidan talabijin na CNN ya ɗauki ranar isowar jirgin tamkar ranar yaƙi: jirgi mai saukar ungulu a sama, wakilai a bakin tasha, sa'o'i da dama ana nuna jirgin da ke tafiyar hawainiya. Laƙabin da ya bi jirgin, mai dangantaka da bayan gida, shi ne ma Netflix ta sa wa shirinta na 2025 a kan al'amarin.

To, mene ne hayaniyar ta rufe? Gobarar ta samo asali ne daga yoyon mai a bututun ɗaya daga cikin injunan samar da lantarki. Kuma ba wannan ne karo na farko ba. A Nuwamba 2010 jirgin Carnival Splendor, na kamfani ɗaya, ya yi gobarar inji, ya rasa lantarki, sai jawo shi aka yi zuwa San Diego. Ke nan tambayar da ta cancanci ɗan jarida ita ce, me ya sa wuta guda ke kashe jirgi sukutum? CNN ɗin da kanta ta zo ta bi diddigin takardun kamfanin game da hatsarin yoyon mai, amma sai a Disamba 2013, bayan wata goma, kasuwa ta riga ta watse.

Al'amarin Costa Concordia ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Daren 13 ga Janairu 2012 jirgin ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, ya kwanta a gefe guda, mutum 32 suka halaka. A nan 'yan jarida sun sami abin da marubutan wasan kwaikwayo ke nema, watau mugu da jarumi. Mugun shi ne kyaftin Francesco Schettino, wanda ya bar jirgin tun da sauran mutane a ciki. Jarumin kuwa jami'in tsaron gaɓar teku, Gregorio De Falco, wanda aka ɗauki muryarsa ta waya yana daka masa tsawa ya koma cikin jirgi. Aka yi ta maimaita wannan murya, sa'an nan aka shiga tonon silili a kan wata mata da ke tare da kyaftin a daren.

Laifin Schettino tabbatacce ne, kotu ta ɗaure shi shekara 16 a 2015. Amma mai sauraron da ya tsaya a kansa bai ji rabin labari ba. An fara gaya wa fasinjoji cewa matsalar lantarki ce kawai, kuma an wuce sa'a guda kafin a ba da umurnin barin jirgi. Ɗaruruwan waɗanda suka shiga a tashar Civitavecchia ran nan ba a koya musu yadda za su tsira ba, domin dokar lokacin ta yarda a jinkirta wannan atisaye har sa'a 24. Wannan giɓi ne aka toshe daga baya, aka wajabta atisayen kafin tashi ko da zarar an tashi, daga Janairu 2015. Kamfanin kuwa ya biya tarar yuro miliyan 1 a 2013, ya fita daga shari'ar laifi. Bugu da ƙari, kamfanin Costa da mai jirgin Triumph duk ƙarƙashin uwa ɗaya suke, watau Carnival Corporation. Duk an buga waɗannan, amma a shafukan ciki.

Inda amana ke karyewa shi ne wajen ma'auni. Mai sauraro yana auna girman masifa ne da yawan lokacin da aka ba ta, in kuwa aka ba toshewar makewayi muryar da aka ba nutsewar jirgi, ya rasa abin awo. Mu gwada da jirgin fasinja na Senegal, Le Joola, wanda ya kife a gaɓar Gambiya ran 26 ga Satumba 2002. Hukuma ta ƙidaya mamata 1,863, fiye da na Titanic a 1912, mutum 64 kacal suka tsira. Ya kife ne cikin dare, nesa da kyamara, kuma mafi yawan waɗanda ke ciki 'yan kasuwa ne da ɗalibai daga yankin Kasamans. Wanda ya dogara ga gidajen talabijin na Amurka zai fi sanin halin makewayin Triumph bisa ga sunan wannan jirgi.