An Daina Kai Yara Daji, An Koma Taro a Otal

Ƙungiyoyin kare muhalli sun yi yawa a Jos, amma abin da ya fi amfani a aikinsu shi suka fara yankewa: ɗaukar mambobi da 'yan makaranta a bas a kai su su gani da idonsu. Dalili kullum biyu ne, tsadar mai da tsaro. Na tsaro kam ba a musu. Tun rikicin Satumban 2001 garin nan ya rabu, uba ba ya sakin ɗansa zuwa unguwar da ba ta su ba. Amma na kuɗi, fisabilillahi, wanda ya iya kama zauren otal da abincin mahalarta da buga riguna, bas ɗaya ce za ta gagare shi?

Kuma ai ba Yankari muka ce ba. Ga dajin Amurum nan a Laminga, gabas da gari, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, mai alaƙa da Jami'ar Jos. Akwai wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu a can wanda sai a 1998 masana suka tantance cewa jinsi ne daban. Wani tsuntsun kuma a sheƙarsa yake yin ƙwai, ya bar masa reno, har kukansa yake kwaikwaya. Turawa na biyan kuɗin jirgi su zo kallonsu. Jami'ar kuwa a nan Naraguta ta kafa mazauninta, amma tambayi yaran unguwa goma ka ji wa ya taɓa jin sunan Amurum. Gandun namun daji na Jos ma, da yawa ba abin da suka sani game da shi sai zakin nan da ya kuɓuce aka harbe a Disamban 2015.

Asarar tamu ce. Majeman Naraguta da bagaruwa suke jima, amma yaron da bai taɓa tsayawa gindinta an yi masa bayani ba, itacen girki kawai yake gani. Haka kududdufan da haƙar kuza ta bari, wa ya zauna ya gaya wa yara zurfinsu kafin su faɗa wanka?

To, malamai da masu unguwa, idan ƙungiyoyin sun janye, a tara kuɗin bas ɗaya kowane zango, a rubuta wa cibiyar takardar neman izini, iyaye biyu su raka yaran, a dawo kafin la'asar.