Waken da ko ƙwaro ya guje shi

Bari mu fara da kanmu, tunda mu ma 'yan kasuwa ne. Duk wanda ya taɓa ajiye buhun wake ya san abin da ke biyo baya idan an shiga bazara: ƙwari su huda shi, ya koma gari, mai saye ya taɓa ya yamutsa fuska ya wuce. Asara ce, kuma babu mai musun haka. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne maganin da wasunmu suka samo mata, wato a zazzage wake a ƙasa, a yayyafa masa Sniper ko fiya-fiya, a cuɗa da hannu, a mayar cikin buhu, washegari a kai Muna Garage ko Monday Market a auna wa mai iyali.

Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dichlorvos. An yi shi ne don feshin gona da rumbu, kuma jijiyoyin ƙwaro yake kamawa ya kashe shi. Jijiyar ɗan Adam ma haka yake yi mata. In ya yi yawa a ciki sai amai, gudawa, zufa, dalalar miyau da sarƙewar numfashi. Yaro ya fi babba saurin faɗuwa. Wankewa da tafasawa suna rage shi, amma ba wanda zai rantse maka cewa sun cire shi duka.

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta saboda wannan sinadari. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kowane kilo, sai ga shi an samu wanda ya kai 4.6. To, jama'a, waken da Bature ya ƙi, ina aka kai shi? Ai ba teku aka zuba shi ba. Mu ne muka ci shi a ƙosai da alala da garau-garau.

Hukumar NAFDAC ta ce daga Satumban 2019 kada a ƙara sayar da Sniper a kasuwa da kantuna, sai wurin dillalan kayan gona. Madalla da doka. Amma a zagaya kasuwa a duba teburan masu maganin ɓera da sauro, sannan a zo a gaya mana ko dokar ta iso Maiduguri.

Ba wake kaɗai ba. Bandar da ke shigowa Tashar Baga daga Tafkin Chadi ma akwai masu fesa ta don kada tsutsa ta ci. Wata dattijuwa a nan Hausari ta ce mana ita yanzu kifin da ƙuda ke bi shi take saye. Mun yi dariya a lokacin, daga baya muka ga ta fi mu lissafi.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne akwai mafita. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu ne a ciki da buhu a waje. A busar da wake sosai, a ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai murfin da ba ya shan iska ma yana yi. Iyayenmu da toka da yashi suke adana iri. Za a ce buhun ya fi kwalbar Sniper tsada. Gaskiya ne, amma muddin bai huje ba ana sake amfani da shi baɗi.

Mun sha faɗa a masallaci bayan sallar Asuba: ɓoye aibin kaya algus ne, kuma wanda ya sa magani ya yi shiru ya ɓoye aibi mafi muni, don ba a ganinsa da ido. Akwai waɗanda muke sahu ɗaya da su da suke ware buhun gida daban da na sayarwa. Sun san kansu.

Muna roƙon shugabannin 'yan hatsi da na 'yan kifi su haɗa kuɗi a sayo buhunan nan da yawa kafin kaka, a raba wa 'yan ƙungiya a kan sari, kuma duk wanda aka kama yana yayyafi a rufe masa rumfa. Ku kuma iyaye mata, in kun je awo ku ɗebi waken ku shinshina. In kun ji warin magani ku ajiye, ku kuma faɗa da ƙarfi yadda na kusa zai ji.