Gwanintar Masu Rainon Airis Mai Gemu

Idan watan Mayu ya kama, gonakin da ke gefen birnin Salem a jihar Oregon ta Amurka kan cika da shuɗi da ruwan ɗorawa da fari fat. Iyalan Schreiner ne ke noman dogon furen airis a wurin tun da suka baro Minnesota a shekarun 1940. Tsayin shukar kan haura santimita 70. Kunnuwan furen uku a miƙe suke, uku a sunkuye, kuma kowanne sunkuyayye yana da ɗan layin gashi a tsakiya. Gemun ke nan.

Abin burgewa a wurin gwanayen wannan fure shi ne sanin inda za su janye hannu. Saiwarsa kauri gare ta kamar ɗanyar citta, kuma ba ta son a binne ta. Gwani zai tara ɗan tudun ƙasa a cikin rami, ya ɗora saiwar a kai, ya baza ƙananan jijiyoyin ta kowane gefe, ya rufe su, amma ya bar bayan saiwar a fili rana na dukansa. Sabon shiga kuwa tausayi ke cin sa. Sai ya lulluɓe ta da ƙasa, ya zuba taki mai ƙarfi, ya yi ta ban ruwa safe da yamma. Sakamakon? Ganye ya yi yabanya, fure ko ɗaya babu, ko kuma saiwar ta ruɓe ta yi laushi tana wari.

Rana ta awa shida aƙalla, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa: bukatarta ba ta wuce haka ba.

Aikin da ke son ƙarfin hali yana zuwa ne duk bayan shekara uku ko huɗu, tsakanin Yuli da Satumba. Gindin ya cunkushe, fure ya ragu. Sai mai lambu ya tone shi gaba ɗaya, ya yar da tsohuwar uwa, domin saiwar da ta yi fure sau ɗaya ba ta ƙarawa. Ya ware 'ya'yan da wuƙa mai tsabta, ya datse ganyensu zuwa kamar santimita 15 don kada iska ta tumɓuke su kafin su kama ƙasa. Rarar kuma maƙwabta ne ke kwasa, shi ya sa iri ɗaya kan zagaye unguwa.

Masu haɗa sabon iri sun fi kowa haƙuri, don ƙwayar da aka shuka sai ta kai shekara biyu ko uku kafin a ga launinta. Lambar yabo mafi girma da suke nema ita ce ta Dykes, wadda aka fara bayarwa a 1927.