Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina: Sharhi Kan Ajin Tuƙi Ga Sabon Shiga

Ajin tuƙin keken ɗaki wasan kwaikwayo ne na minti 45, kuma da ma'aunin wasan kwaikwayo ya kamata a auna shi. Yana da shimfiɗa, inda ake ɗumama jiki, yana da tsakiya mai hawa da gangara, sai ƙololuwa, sai warwara lokacin da kiɗa ya yi sanyi aka fara miƙa gaɓoɓi. Koci ne marubuci kuma shi ne jarumi. Tambayar da ta dame ni ita ce: wa aka rubuta wa wannan wasan? Amsata, an rubuta shi ne ga wanda ya riga ya saba, alhali wanda ya zo ran farko shi ya fi kowa buƙatar a yi la'akari da shi.

Asalin abin daga Amurka ne. A ƙarshen shekarun 1980, Johnny Goldberg, ɗan tseren keke haifaffen Afirka ta Kudu, ya nemi hanyar yin atisaye a cikin gida don shirin tseren Race Across America, wanda ke ratsa Amurka daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Keken da ya ƙera, wanda daga baya aka sa wa suna Spinning, yana da wili mai nauyi da maɓallin ƙara tauri, domin ƙafa ta ji kamar tana hawan tudu. Wato ƙwararre ne ya tsara shi don jikin ƙwararre, kuma wannan gadon bai bar ajin ba har yau.

Sai a yaba abin da ya cancanci yabo. A ƙasar Hausa keke abin zuwa gona ne da kasuwa da makaranta, don haka ba mamaki idan dattijon da ya tsufa a kan Raleigh ya yi dariyar mai biyan kuɗi ya hau keken da ba ya motsi. Amma ajin ya warware matsala ta gaske. Mutum talatin masu ƙarfi daban-daban suna tafiya tare, ba a bar kowa a baya ba, domin kowa yana riƙe da maɓallin taurinsa. Babu mota, babu rami, kuma gwiwa ba ta shan bugun da take sha a guje-guje. Kiɗa kuwa yana yin aikin da kalangu da gangar noma suke yi wa 'yan gayya: yana ɗauke hankali daga gajiya, ya ɗora ƙafa a kan amo ɗaya.

Daga wannan tushe aka sami manyan salo biyu. SoulCycle, da aka buɗe a birnin New York a 2006, ya rage haske, ya kunna kyandir, ya mai da koci kamar mai wa'azin ƙarfafa zuciya. Peloton, da aka kafa a 2012, ya kai ajin cikin ɗakin mutum ta allo, ya kuma kafa jerin gwanaye inda kowa ke ganin matsayinsa a tsakanin sauran matuƙa. Na farko yana jan mutum ta shauƙi, na biyu ta lissafi, kuma yawancin azuzuwan da ake yi a gidajen motsa jiki yanzu gauraye ne na biyun.

A matsayina na mai rubuta manhaja, lissafin ne ya fi tsaya mini a rai. Mu a sana'armu mun san cewa duk lambar da ka ɗora a gaban mutum, ita zai bi, ko da ta kauce wa abin da ya kawo shi. Allon keke yana nuna juyin feda a minti ɗaya da ƙarfin da ka zuba, kuma a kekuna da yawa wannan ƙarfin ƙiyasi ne da ake fitarwa daga sauri da tauri, shi ya sa keke biyu kan ba mutum ɗaya maki daban. Allon ba ya nuna ko sirdinka ya kai tsayin ƙugu, ko kuma yau ce ranarka ta farko. Manhajar kirki tana tambayar sabon shiga matakinsa kafin ta buɗe masa komai. Ajin keke sau da yawa yana jefa shi tsakiyar labari, a babi na goma, cikin duhu da ƙarar kiɗa, inda kunyar tsayawa ta fi zafin cinya.

Wannan sakaci yana da farashi a jiki. Saboda nauyin wilin, feda ba ta tsayawa don ka daina tuƙi, sai ka danna birki, abin da sabon shiga bai sani ba sai an faɗa masa. Mafi muni shi ne ciwon da ke faruwa idan tsoka ta wahala fiye da ƙima har ta fara rugujewa, sinadaranta su kwarara cikin jini su cutar da ƙoda. Wani rahoto da ya fito a mujallar American Journal of Medicine a 2017 ya tattara mutum 46 da suka kamu da shi bayan ajin keke, kuma 42 daga cikinsu a ajinsu na farko ne. Alamominsa su ne kumburin cinya, da ciwon da ya wuce na gajiya, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Duk wanda ya ga haka, asibiti zai nufa a ranar.

Abin sha'awa, fim ya hango wannan tun kafin allon gwanaye ya yaɗu. A 2011, shirin Black Mirror ya fitar da kashi mai suna Fifteen Million Merits, inda Daniel Kaluuya ya fito a matsayin Bing, saurayin da ke wuni yana tuƙa keken da ba ya motsi don tara maki. Abin tsoron a fim ɗin shi ne yadda maki ya cinye manufar tuƙin, har matuƙan suka daina tambayar me ake tuƙawa. Kwatancin yana da iyaka, domin ɗan aji da ƙafarsa ya zo kuma zai iya sauka, sai dai tsarin ajin yana aiki tuƙuru don ya mantar da shi cewa zai iya.

Hukuncina shi ne, tsarin mai kyau ne da aka yi wa mummunar gabatarwa. Kocin da ya san aikinsa ana gane shi a minti biyar na farko: ya tambayi wa ya zo yau kaɗai, ya daidaita masa sirdi, ya nuna masa birki, ya faɗa a gaban kowa cewa zama a sirdi lokacin da wasu suka miƙe ba gazawa ba ce. Wanda bai sami irin wannan koci ba, ya je da wuri, ya riƙe ruwansa, ya sassauta tauri, ya kau da ido daga allo, ya sauka bayan minti 20 idan jiki ya ce ya isa. Sannu ba ta hana zuwa, balle a kan keken da dama babu inda za shi.