Nan Ba Gidan Mahaukata Ba Ne

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ƙorafi ne, kuma da malaman asibitinmu na karkara nake.

'Yar gwaggona da ke aure a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi ta yi haihuwar fari. Tun kafin arba'in yarinya ta daina barci, ta daina cin abinci, sai kuka, jaririn ma ba ta son ɗauka. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Daga ƙarshe muka kai ta wani asibitin sha-ka-tafi. Ranar awo ce, mata sun cika benci. Malamar ko jininta ba ta auna ba, ta ja kujera baya ta ɗaga murya: "Hajiya, nan ba gidan mahaukata ba ne, ku yi Dawanau da ita. Wa ma ya sani ko ƙwaya take sha? Yaran yanzu!"

Kafin la'asar zance ya gama gari. Uwar miji ta karɓe jariri. Wanda ke neman ƙanwarta ya ɗauke ƙafa, wai gidansu akwai hauka.

Ni fa ban ga laifin tura mu Dawanau ba, can ƙwararru suke, ko da yake tafiya ce: a ratsa Wudil, a keta Kano, a miƙi hanyar Katsina. Yadda aka faɗa shi ne ya ƙona min rai. A birni likita bai san ki ba, ba ki san shi ba. A ƙauye kuwa malamar asibiti maƙwabciya ce, tare ake biki da suna, kuma abin da ya fito daga bakinta ya zama hukunci. Idan jahili ya ce "mahaukaciya" ana iya musawa. In mai farar riga ta faɗa, wa zai ja?

Wai shin malama, me aka koya miki a makaranta? Larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa ciwo ne sananne mai magani, kamar hawan jini. Tun 1991 Nijeriya ta sa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci, ke nan aikinki ne, ba alfarma ba. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu larurar wariya. Doka ta sauya, harshe yana nan jiya i yau.

Sai batun ƙwayar da ta jefo kamar zagi. To a ce ma tana sha. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Mu mata mun san wasu masu shan nan matan aure ne a cikin ɗaka, baƙin cikin miji ko na kishiya ya hana su runtsawa. Wadda ta yi ƙundunbala ta zo neman hanyar dainawa, aka tare ta da "'yar ƙwaya, Allah wadaran naka ya lalace", ina za ta nufa in ba wurin mai sayar mata ba?

Na sani malaman nan suna shan wahala. Aiki ya yi musu yawa, kayan aiki babu, wasu kuma wallahi mutanen kirki ne. Amma tura ƙyaure da sassauta murya ba sa jiran kasafin kuɗi.

Yarinyar dai ta sha magani wata da watanni ta warke sarai, an mayar mata da ɗanta. Yanzu ciki gare ta na biyu, wata shida. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi faɗa, amma ta rantse ba za ta taka wurin awo ba.