Alhakin Uba a Kan Ɗa: Otranto da Galma

A shekara ta 1764 wani Baturen Ingila, Horace Walpole, ya buga The Castle of Otranto, littafin da ake ɗauka shi ne mafarin labaran ban tsoro irin na tsofaffin gidajen sarauta da fatalwa. Manfred mai mulkin Otranto ne, amma sarautar ta haram ce, gama kakansa ya sa wa mai ita guba. Ranar auren ɗansa Conrad, wani ƙaton kwalkwali ya faɗo ya murƙushe yaron. Ko makoki Manfred bai tsaya yi ba, sai ya ƙudura sakin matarsa ya auri amaryar, Isabella, domin ya sami magaji.

Mai karatun Hausa ya san irin wannan mutum. A cikin Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa da Rupert East suka rubuta zamanin gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, Malam Shehu attajirin Galma ne marar ɗa. Ya ƙwace Zainab daga hannun Abubakar, ya kuwa sami ɗan, aka sa masa suna Kyauta. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin kuma a kan yaron ya sauka. Kyauta ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. Can Otranto uban ne ya soke 'yarsa Matilda cikin majami'a, yana tsammani Isabella ce.

Walpole da kansa, a gabatarwarsa, ya ce darasin littafin shi ne alhakin iyaye yana bin 'ya'ya, kamar yadda yake a Fitowa 20, ya kuma yi shakkar amfanin darasin. Shakkarsa tana da dalili. Matilda ba ta ci sarautar kowa ba, tana bakin mutuwa ma ta gafarta wa ubanta. Ezekiyel 18 ya hana a ɗora wa ɗa laifin uba. Wanda ya kira mutuwarta hukuncin Allah ya wanke hannun da ya riƙe wuƙar.

A nan Jiki Magayi ya fi ƙarfi. Fatalwar Walpole da hoton da ke saukowa daga bango sun tsufa, yau sai su ba da dariya. Abubakar kuwa mutum ne da aka zalunta, mai karatu yana tausayinsa har zuwa ranar da ya zaɓi ya rama a kan ɗan da Zainab, wadda yake ƙauna, ta haifa.