Jirgin da babu shi, da tsofaffin da suka rage

Jirgin ruwan yaƙin Amurka mai dakon jiragen sama, Enterprise, ya samu taurarin yabo 20 a Yaƙin Duniya na Biyu, fiye da kowane jirgi na ƙasar. Duk da haka a 1958 aka sayar da shi ga 'yan gwangwan, zuwa 1960 an gama yayyanka shi a New Jersey. 'Yan mazan jiyansa sun yi ƙoƙarin tara kuɗi a mai da shi gidan tarihi, har Admiral Halsey ya sa baki, amma kuɗin ba su kai ba. Waɗanda suka yi aiki a Intrepid suna da jirginsu a New York, mutum ya ja jikansa ya nuna masa inda yake kwana. Mutanen Enterprise kuwa sai dai su haɗu a otal, kowa da tsoffin hotunansa. Labarinsu a bakinsu kawai yake, shi ya sa na damu da yadda ake ɗaukarsa.

Abubuwa biyu na ɗora a sikeli: shirin talabijin Battle 360 na tashar History, kashi goma, wanda ya fito a 2008, da littafin Alvin Kernan, Crossing the Line, na 1994.

Shirin ya yi abin a yaba, don ya zaunar da tsofaffin gaban kyamara tun ƙasa ba ta rufe idonsu ba. Dusty Kleiss, matuƙin da ya jefa wa jiragen Japan bam a Midway, yana ciki. Ya rasu a 2016 yana da shekara 100. Amma ba a barinsu su yi magana. Tsoho zai fara ba da labarin abokinsa da ya ƙone, murya ta fara rawa, kafin ya haɗiye yawu an yanke shi, an koma zanen kwamfuta, jirage na tarwatsewa, kiɗa na tashi kamar wasan bidiyon yara. Ranar 24 ga Agusta 1942 bama-bamai uku suka faɗa wa Enterprise, fiye da mutum 70 suka mutu. A shirin, abin da ya fi zama a zuciyar mai kallo shi ne kyawun fashewar. Ni dai shirun tsohon nan nake son ji, kuma shi ne aka datse.

Kernan bai da mai yanke masa magana. Yaro ne daga ƙauyen Wyoming, ya shiga sojan ruwa a 1941 yana ɗan shekara 17, aikinsa ɗora wa jirage makamai. Daga ƙasa yake kallon yaƙin: zafi, maiƙo, caca, jiran albashi, tsoron manya. Ranar 4 ga Yuni 1942 jirage 14 na rundunarsa suka tashi da nakiyoyin ruwa zuwa Midway, huɗu suka dawo. Bai kira wannan jarumtaka ya wuce ba. Jiragen ba su da gudu, nakiyoyin ba su da inganci, kuma ko ɗaya ba ta yi wa abokan gaba lahani ba. Abin ya tsaya masa a rai har ya sake rubuta wani littafin a kansa a 2005.

Inda littafin ya fi kama ni shi ne daren 26 ga Nuwamba 1943. Kernan na riƙe da bindigar bayan wani jirgi, Butch O'Hare, wanda filin jirgin saman Chicago ke ɗauke da sunansa, yana biye da su a nasa. Wani jirgin Japan ya ɓullo a cikin duhu, Kernan ya buɗe wuta, jirgin O'Hare ya sulale, ba a sake ganinsa ba. Shekara da shekaru ana raɗe-raɗin ko harsashin gida ne ya kashe shi. Binciken da Ewing da Lundstrom suka buga a 1997 ya ɗora abin a kan maharbin Japan, amma Kernan ya riga ya rubuta nasa labarin kafin a wanke shi, kuma bai ɓoye cewa ya yi harbi ba. Irin wannan magana ba ta fitowa a daƙiƙa goma gaban kyamara, da wuya kuma ta fito a liyafar tsoffin sojoji, inda kowa ke kare mutuncin ɗan'uwansa.

Littafin ma yana da nasa aibi. Farfesan adabi ne ya rubuta shi, bayan ya shafe shekaru yana koyarwa a Yale da Princeton, don haka wani lokaci yaron yakan yi tunanin da ya fi ƙarfin shekarunsa, sai ka ji furfura a bakin matashi. Na gwammace wannan da tsohon da aka hana ƙarasa zancensa.

Kernan ya rasu a 2018. Daga cikin ɗan abin da ya tsira na jirgin akwai farantin ƙarfen bayansa mai ɗauke da sunansa, yana ajiye a wani ƙaramin gari da ake kira River Vale a New Jersey.